Natsuwar mai keke a ƙauyukan Faransa ba daga sama ta faɗo ba

Duk wanda ya ga hoton mutum a kan keke yana tafe a hankali tsakanin gonakin inabi a Faransa, babu mota a gabansa babu a bayansa, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne Allah ya yi wa ƙasar baiwa da kyan wuri. Baiwar kam akwai ta. Amma ra'ayina shi ne, natsuwar da mai keken nan yake ji a ransa aikin hannun mutane ce: an zauna an tsara hanya, an kafa alluna, an yi doka, an ware gurbi a jirgin ƙasa, an bar famfon ruwa a buɗe. Kuɗin jama'a aka kashe, kuma ina ganin an kashe su a inda ya dace. Inda nake da ja shi ne abin da ake ba fifiko wajen kashe su.

Bari mu ɗauki yini guda a wuri guda, don magana a dunƙule ba ta nuna komai. Garin Saumur yana bakin kogin Loire, kogi mafi tsawo a Faransa, kilomita dubu da ɗoriya. Ta nan hanyar keke da ake kira La Loire à Vélo ta ratsa, mai tsawon kusan kilomita 900 daga Cuffy kusa da Nevers har bakin teku a Saint-Brevin-les-Pins. Jihohi biyu ne suka fara tsara ta a 1995, kuma wani yanki ce na doguwar hanyar EuroVelo 6 da ta taso daga tekun Atlantika ta nufi Baƙin Teku. Daga Saumur zuwa ƙauyen Montsoreau kilomita 12 ne ko 13. Gaba kaɗan, abin da bai kai kilomita biyu ba, sai Candes-Saint-Martin, inda kogin Vienne yake zuba a Loire. Daga nan a hau tudu kamar kilomita biyar zuwa Fontevraud, sannan a juyo. Zuwa da dawowa bai wuce kilomita 40 ba. Mai tafiyar kilomita 12 zuwa 15 a awa zai yi awa uku a kan sirdi, sauran yinin kuma na tsayawa ne da kallo da cin abinci.

Tashar jirgin ƙasa ta Saumur tana gaɓar arewa, don haka sai an haye gada biyu ta kan tsibirin da ke tsakiyar kogin kafin a kai cikin gari. Jiragen yanki, waɗanda ake kira TER, suna ɗaukar keke ba tare da an kwance shi ba, a rataye shi da tayar gaba a ƙugiya. Gurbin ba shi da yawa, kuma a watannin Yuli da Agusta wasu layuka suna neman a kama wuri tun kafin ranar. Wannan ƙaramin abu shi ne yake yanke hukuncin ko talaka marar mota zai iya yin wannan yawo ko a'a. Idan jirgi ya zo gurbin ya cika, mutum da 'ya'yansa biyu sun tsaya a dandamali ke nan har jirgi na gaba. Shi ya sa nake ganin ƙarin taragon keke ɗaya ya fi allon talla ɗari amfani.

Daga Saumur hanyar ta rabu biyu. Ɗaya tana bin gaɓar kogi, shimfiɗaɗɗiya, amma idan ruwa ya yi yawa a ƙarshen hunturu ko farkon bazara wani ɓangarenta yakan nutse. Ɗayar tana hawa gefen tudu ta ratsa Souzay-Champigny da Parnay da Turquant. Ita ce ta fi daɗi. Dutsen wurin fari ne mai laushi, suna kiran sa tuffeau, da shi aka gina fadoji da majami'un kwarin Loire. Ramukan da aka bari bayan an fasa dutsen sai mutane suka mayar da su gidaje da rumbuna. A Souzay hanyar keken tana kutsawa ta cikin waɗannan koguna: ka fito daga rana mai ƙuna, sai ka ji sanyi ya bugi fuskarka kamar an buɗe randa, bango fari a dama da hagu, ga baƙin hayaƙin tsohon murhu a saman wata kusurwa, ga ƙofar katako an kafa ta a jikin dutse da tukunyar fure a gefenta. A nan dole a sauka ko a rage gudu ƙwarai, domin ido bai gama sabawa da duhu ba, ƙasa kuma ba ta daidaita ba. A irin kogunan nan ake noman naman kaza, saboda sanyinsu da laimarsu ba sa canjawa rani da damina. A Turquant kuma har yanzu ana busar da tuffa a tanda a bubbuge ta ta yi faɗi, tsohuwar dabarar adana ta.

Abin da ya sa baƙo yake iya bin wannan hanya ba tare da ya ɓata ba shi ne alluna. Ƙanana ne, fari da kore, da hoton keke da sunan gari na gaba da yawan kilomita. Inda allo ɗaya ya faɗi ko reshen bishiya ya rufe shi, nan ake ɓata, kuma mai ɓata a wannan yanki yakan tsinci kansa a kan titin D947, wanda motoci suke bi tsakanin Saumur da Montsoreau. Harafin da ke gaban lambar titi yana da ma'ana. N babban titin ƙasa ne, mai keke ya nisance shi. D na hukumar lardi ne, wani shiru wani cike da manyan motoci. C na ƙaramar hukuma ne, yawanci tarakta da motar mai kai wasiƙa kaɗai za ka gamu da su. Taswirar takarda ta IGN, hukumar taswirar ƙasar, mai ma'aunin 1/100,000 tana nuna waɗannan ƙananan hanyoyi duka, kuma ba ta mutuwa idan cajin waya ya ƙare.

A nan ne nake son in tsaya, domin nan ne zancen ya fi nauyi. Mutane suna ɗauka haɗarin keke a birni yake. A Faransa sama da masu keke 200 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara a 'yan shekarun nan, kuma fiye da rabinsu a wajen gari suke mutuwa, wato a karkarar nan da ake yabo. Dalilin a fili yake: gudu. A cikin gari iyakar gudu kilomita 50 ne a awa, wani wurin 30. A wajen gari, a titi mai hannu biyu da babu shinge a tsakiya, an rage shi daga 90 zuwa 80 ranar 1 ga Yuli 2018. Mutanen karkara da yawa suka yi ca, daga baya aka ba larduna dama, da dama daga cikinsu suka mayar da 90 a wasu titunansu. Na fahimci kukan wanda yake tafiyar kilomita 40 kullum zuwa wurin aiki. Amma a titin da aka sa alamar keke aka gayyaci iyalai su bi, mayar da 90 kuskure ne. Ba a kiran mutum cin tuwo a ɓoye masa miya.

Doka ta ce mai mota ya bar tazarar mita ɗaya idan zai wuce mai keke a cikin gari, mita ɗaya da rabi a wajen gari. Yawancin direbobin karkara suna kiyayewa, za ka ji mota ta rage gudu a bayanka tana jira har kwana ta wuce. Sai dai doka ba ta gyara mahaɗar da aka tsara ba daidai ba. Wuri mafi haɗari a duk yinin shi ne inda hanyar keke ta ƙare ba zato ta jefa mutum ya tsallaka babban titi. Kilomita goma na lafiyayyar hanya ba su da amfani ga uwa mai yaro ɗan shekara takwas idan akwai mita hamsin na tashin hankali a tsakiya. Shugabanni sun fi son ƙirga kilomita domin shi ne ake yanke ƙyalle a kansa a ɗauki hoto. A 2023 gwamnatin Faransa ta yi shelar Yuro biliyan biyu don harkar keke zuwa 2027. Da ni ake tambaya, da mahaɗu za a fara: tsibirin tsayawa a tsakiyar titi, yanke shingen da ya tare gani, rage gudu mita ɗari biyu kafin wurin.

Shi ma mai keke akwai abin da ke kansa. Dole keke ya kasance da birki biyu, da ƙararrawa, da fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya idan duhu ya yi. A wajen gari da dare ko cikin hazo dole a sa riga mai ƙyalli. Yaro ƙasa da shekara 12 dole ya sa hular kwano, doka ce tun 2017, ko shi ke tuƙi ko goyo aka yi masa. Sa abin sauraro a kunne haramun ne a kan keke, tararsa Yuro 135. Sai ƙa'idar da ta fi kama baƙi: a mahaɗar da babu wata alama, wanda ya fito daga dama shi ke da hanya, ko da lungu ne ƙarami ya fito, kai kuma kana kan titi mai faɗi. A cikin ƙauyuka wannan ƙa'ida tana nan da ranta. Alwatika mai jan baki da alamar X a ciki gargaɗinta ke nan. Mazaunin ƙauye da ya shekara arba'in yana fitowa daga lungun nan ba zai taka birki ba, don ya san hanyar tasa ce. Wani abu kuma, a kekunan Faransa hannun hagu ne birkin gaba, dama na baya, saɓanin na Ingila. A gwada kafin a bar shagon haya, domin damƙe birkin gaba da ƙarfi a gangaren Fontevraud yana iya wurga mutum ta saman kan keken.

Maganar keken kansa ba ta da tsawo. Ba a bukatar keken tsere. Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 40 ita ta dace, domin hanyar wani wuri kwalta ce wani wuri tsakuwa ce da aka daddaɓe. Iska kamar bar 4 a ma'aunin famfo, a ƙara kaɗan ga mai jiki, a duba abin da aka rubuta a gefen tayar. Idan iska ta yi ƙasa, taya ta daki bakin dutse, gargaren yakan matse tib ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji. Idan huda ɗaya ce ƙarama, ƙaya ce, kuma ta fi yawa a lokacin da manoma suke aske shingen gona. Kafin a sa sabon tib a bi cikin tayar da yatsa a hankali a nemo ƙayar, in ba haka ba sabon ma zai sace kafin a yi kilomita ɗaya. A ƙauyen Faransa babu mai faci a gindin bishiya kamar yadda muka saba a Kano ko Maraɗi. Shagon gyara yana iya zama kilomita 15 daga inda kake, kuma a rufe ranar Lahadi da Litinin. Saboda haka a jaka a sa tib biyu, da ƙarafen ɓare taya, da ƙaramin famfo, da faci da sholisho, da makullan alan lamba 4 da 5 da 6. A tabbata bakin famfon ya dace da bawul ɗin, don iri biyu ne, siriri da mai kauri irin na mota. Tsayin sirdi kuwa, a zauna a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. Sirdin da ya yi ƙasa shi ne yake kawo ciwon gwiwa bayan kilomita 20, kuma mafi yawan masu haya haka suke tafiya da shi don suna son ƙafarsu ta taɓa ƙasa suna zaune.

Keke mai batir ya buɗe wa tsofaffi da masu ciwon ƙafa wannan yawo, kuma ina maraba da shi. Doka ta ƙayyade injinsa a wat 250, kuma ya daina taimako idan an kai kilomita 25 a awa. Damuwata ɗaya ce: nauyinsa ya haura kilo 20, wanda bai saba ba kuma yakan shiga lungun ƙauye da gudun da bai iya tsayar da shi ba. Masu ba da haya ya kamata a wajabta musu minti biyar na gwajin birki a fili kafin su miƙa makulli.

Lokaci ma yana da tarkonsa. Layin Greenwich, wanda daga kansa ake lissafin lokacin duniya, ya ratsa ta wajen Parnay, amma agogon Faransa a lokacin zafi yana gaba da na Greenwich da awa biyu. Ma'ana rana ba ta take tsaka sai wajen ƙarfe biyu, zafi ya fi tsanani daga uku zuwa biyar, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare. Musulmi ya lura, Azahar ba ta shiga sai bayan biyu. Tsarin da ya fi shi ne a tashi ƙarfe tara, a gama hawan tudu kafin ɗaya, a huta a inuwa, a juyo da yamma. A kwarin Loire iska ta fi kaɗawa daga yamma, wato za ta tura ka da safe zuwa Montsoreau, ta tare ka a dawowa lokacin da ƙafa ta gaji. A bar ƙarfi don wannan. Ruwa kuma a lissafa rabin lita zuwa sama a kowace awa idan ana zafi.

Ruwan ne ma ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Masu keke a Faransa sun san cewa wurin da aka fi tabbatar da samun famfo a ƙauye shi ne maƙabarta, domin ana shayar da furannin kaburbura. Yawanci yana kusa da ƙofar shiga. Idan an rubuta eau non potable, ba na sha ba ne. Dabara ce mai kyau, amma abin kunya ne a ce hanyar da ake tallatawa a duniya ta dogara da famfon maƙabarta. Famfo ɗaya da banɗaki mai tsabta da benci a inuwa a kowane kilomita goma, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan an gwada da kuɗin kwalta. Inuwar ma ba abin wasa ba ce. A kudancin ƙasar, a bakin Canal du Midi, hanyar ruwa da aka haƙa aka buɗe a 1681, wata cutar bishiya ta sa an sare dubban manyan bishiyoyin da suka yi wa hanyar rumfa, kuma waɗanda aka dasa a madadinsu sai sun shekara da yawa kafin su yi inuwa.

Sai abinci, wanda shi ne ma'aunin ko ƙauye yana da rai. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, da yawansu ba su da shago ko ɗaya yanzu. Inda gidan burodi ya rage, yakan rufe wajen sha biyu da rabi ko ɗaya, ya sake buɗewa da yamma, kuma yana da ranar hutu a mako, sau da yawa Litinin. Gidan abinci yana ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, bayan nan an kashe murhu. Wanda ya iso biyu da kwata sai haƙuri. Mafita ita ce a yi sayayya da safe: burodi, cukun akuya na yankin, tumatir, 'ya'yan itace. Ranar Asabar akwai kasuwa a tsakiyar Saumur. Wanda ba ya cin alade ya kula da kalmomin jambon da lardons da rillettes da rillons, domin abincin wannan yanki ya dogara da su sosai, har wata gurasar tanda da ake kira fouée da su ake yawan cusa ta. Ana iya neman ta da cuku ko man shanu.

Masu suka suna cewa hanyar keke ba ta ceto ƙauye, tana mayar da shi wurin kallo ne kawai: gidaje su koma masaukin baƙi, haya ta tashi, a watan Nuwamba tagogi duk a rufe. Akwai gaskiya a ciki, kuma Montsoreau da Candes, da suke cikin jerin ƙauyuka mafiya kyau a Faransa, suna cikin masu fuskantar wannan. Amma a gwada mai keke da mai mota. Mai mota ya cika but da kaya daga babban kanti a bakin birni, ya tsaya minti ashirin, ya ɗauki hoto, ya wuce. Mai keke ba ya iya ɗaukar kaya da yawa, yunwa tana kama shi kowace awa biyu, kuma inda dare ya yi masa nan zai kwana. Kuɗinsa a ƙauyen suke zama. Tambarin Accueil Vélo da ake ba masauki da wuraren cin abinci yana da sharaɗi: kada wurin ya wuce kilomita biyar daga hanyar, ya kasance da inda ake kulle keke, da kayan gyara. Abin da nake so a ƙara shi ne a riƙa tsara hanyar don ɗan makaranta da mai zuwa aiki tukuna, baƙo ya biyo baya. Hanyar da ta ratsa ta ƙofar makaranta da tasha da kasuwa tana aiki wata goma sha biyu, kuma ita ce mutanen gari za su tsaya su kare idan an zo rage kasafi.

Akwai misali a yankin Bourgogne na Faransa. A 1997 aka mayar da tsohon layin dogo tsakanin Givry da Cluny hanyar da babu abin hawa mai inji, irin wadda suke kira voie verte. Layin dogo ba ya son tudu, don haka hanyar ta zo a shimfiɗe, kuma ta bi ta tsakiyar garuruwan da jirgin yake tsayawa a da. A kudu da Cluny akwai ramin Bois Clair, inda hanyar ta huda cikin tudu tsawon kilomita 1.6, wanda ake rufewa duk hunturu saboda jemagu suna kwanciya a ciki, masu keke su zagaya ta kan tudu. Wannan ya nuna cewa ana iya yin hanya ba tare da an kori abin da aka tarar a wurin ba.

Hawan Fontevraud ba shi da tsanani idan an sa giya mai sauƙi tun daga gindin tudun. Canja giya ana tsakiyar danna feda da ƙarfi shi ne yake zubar da sarƙa ko ya tsinke ta, don haka a sassauta ƙafa daƙiƙa ɗaya a canja. A saman akwai gidan ibadar da Robert d'Arbrissel ya kafa a 1101, wanda ya zama kurkuku daga 1804 zuwa 1963. A cikin majami'ar akwai gumakan kabarin Sarki Henry na Biyu na Ingila da matarsa Eleanor da ɗansu Richard, wanda ya gwabza da Salahuddin a yaƙin Ƙudus. Shi Henry ɗin ne a ƙarni na 12 ya ba da umarnin ƙarfafa ganuwar ƙasa da ke tare ambaliyar Loire a wannan yanki, kuma a kan irin wannan ganuwa wasu sassan hanyar keken suke tafiya yau. A kulle keke da makulli mai siffar U a jikin ƙarfe, a haɗa da firam ɗin, a cire jaka a shiga da ita. Idan an fito, gangare ne har Montsoreau. A duba allon gravillons, wato sabuwar tsakuwa da aka watsa a kan kwalta, a rage gudu tun kafin kwana, a bar birkin gaba a cikinta. Daga gindin fadar Montsoreau sai a kama hagu a bi gaɓar kogi, rana tana gaba, ƙananan jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ciki suna ɗaure a bakin ruwa, kuma saura awa ɗaya a kai gadar Saumur.